Nomau da Tambayar Inna

Ku matso, jikokina, in ba ku labarin ƙanena Nomau. Mu uku Inna ta haifa: Yaya Barau, ni, sai shi auta. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada in ji wani ya faɗa. Abin da aka ce masa shi yake yi, kuma ba ya dainawa sai an ce ya daina. Yaya Barau kullum maganarsa a kai shi wurin dangi can nesa, wai ya ishe mu. Inna ce kaɗai katangarsa.

Wata rana Inna ta ba shi gero ta ce, "Ka yi ta daka har in dawo." Ashe haihuwa za ta tarar a maƙwabta, sai yamma ta shigo. Gero ya zama ƙura, turmi ya tsage, tafin Nomau duk jini, yana nan yana luguden wofi. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka ji zafi ba?" Ya ce, "Na ji, Inna. Ba ki dawo ba ne."

Wata rana Baba ya aike shi gidan maigari ya ce, "Ka ce ina gaishe shi sau dubu." Nomau ya durƙusa a zaure ya fara. Maigari ya amsa har muryarsa ta dushe, ya tsere cikin gida. Nomau ya koma bakin katanga ya ci gaba. Yaya Barau ne ya janyo shi da kunne yana cewa, "Wallahi bana sai ka bar garin nan."

Da Baba ya rasu, hankalin Inna ya fara gushewa. Ta duba ƙofa ta ce, "Malam bai dawo ba?" Ni da nake ganin ina da wayo sai in ce, "Inna, Baba ya rasu." Ta fasa kuka sabo fil, ta ture kwano. An jima ta sake tambaya, in sake faɗa. Ta rame kamar kara. Kowa ya san in ta tafi, Nomau ma ya bar garin.

Wata rana zan je rijiya, na gaji, na ce masa, "Zauna da ita. Duk abin da ta ce, ka bi bakinta." Nufina ya riƙa cewa to. Da na dawo sai na tsaya a bakin ɗaki ina ji.

Inna ta ce, "Malam bai dawo ba."

Nomau ya ce, "Malam bai dawo ba."

"Yana gona."

"Yana gona."

"In ya tarar ban ci ba, zai yi faɗa."

"Zai yi faɗa."

"To, miƙo tuwon."

"To, miƙo tuwon."

Suka zauna kowa na jiran wani. Ni na shiga na miƙa. Ta cinye tas, har da siɗe kwano.

Daga ranar Yaya Barau bai ƙara zancen kai shi ko'ina ba, don babu mai haƙurin wannan aiki sai Nomau. Inna ta ƙara ganin damina tana cin abincinta tana jiran Malam.

Ranar da aka kai ta makwancinta, Nomau ya zauna inda ya saba, gefen tabarmarta, har rana ta karkata. Da na shigo ya ɗago kai ya ce, "Yaya, yanzu me zan ce?"