Telan da ya koma haƙa kabari

"…ya aiki, bawana? Ɗago kai in ga ko da sauran ranka."

Hansai ce tsaye a bayan katangar wata maƙabarta a hanyar Mando, don mata ba sa shiga. Taubashinta Datti yana cikin rami iya ƙugu. Tun bayan Sallah ya rufe shagon ɗinkinsa na Badarawa ya kama haƙa kabari. Mai shagon da ya ba shi haya ya ce ko ya dawo yau, ko a ba wani. Makullin yana hannun Hansai.

"Wa nake ji kamar baiwar da muka saya ba mu ƙaru ba?"

"Uwar ɗakinka dai. Daga keke sai diga? Kai da ko sannu ba ka iya yi wa mutane ba, dole ka nemi waɗanda ba sa amsawa."

"Wa ya ce miki ba sa amsawa?"

Ta waiga. Ba kowa, ko tsuntsu ba ya motsi.

"Ka daina. Fito ka karɓi makullinka."

"In koma ina ce wa mutane 'gobe' alhali ban ma yanka yadin ba? Bakina ba ya iyawa, Hansai. A nan ba a taɓa ce wa kowa ya dawo gobe ba."

"Baƙin hali dai. To wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Da safe muke haƙawa mu ajiye."

"Wannan ɗin na wa ne?"

"Mai shi bai sani ba tukuna. Wataƙila yanzu haka yana kasuwar Kawo yana taya tumatir."

Ya ajiye digar, ya dube ta ta inda katangar ta rushe, daga ɗankwali har silifas, a hankali, irin kallon da tela ke yi wa mai kawo ɗinki.

"Kai! Me kake aunawa?"

"Ido ne, ya saba. Kin ƙara faɗi ta kafaɗa."

"Allah ya tsari kafaɗata da idonka! Sai na ga jikokin jikokinka, mugu."

"Amin. To miƙo makullin in gani."

"Ka taɓa ni da hannun nan? Allah ya kiyaye."

Ta yi dariya, gajeriya, ta ɗora kular dambun da ta kawo a kan katanga, ta ƙulle makullin a bakin mayafinta.

"Ka ci gari, bawana. Zan mayar wa mai shago kayansa. Zauna da mutanenka, su kaɗai za su iya da kai."