Ranar Da Aka Bi Umarnin Janar Ganzan

Duk mai ɗa da talabijin a ƙasar nan ya san muryar Inagaki Benzo, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma rashin ganin fuskar ba wata asara ba ce. Murya ce mai kauri da amo, wadda in ta ce a kawo shayi sai ka ɗauka an kafa dokar ta-ɓaci. Kowace Lahadi da ƙarfe takwas da rabi na safe, a daidai lokacin da iyaye ke fafutukar ƙarin barci, wannan murya take tashi ta ceci duniya. Shi ne yake magana da bakin Janar Ganzan, babban kwamandan Dakarun Tsibirin Tagulla, a katun ɗin yaran da ya shekara shida ana nunawa.

Adalci ya wajabta a faɗi girman wannan bawa. Ya jagoranci yaƙi ɗari biyu da tamanin da tara, bai sha kashi ko sau ɗaya ba, kuma kowane yaƙi ya gama shi cikin minti ashirin da uku, har da hutun talla. Masu hassada suna cewa bai taɓa aikin soja ba. Wannan ƙazafi ne. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, kamfanin sayar da katifun da ya fara yi wa aiki ya tura sababbin ma'aikata bariki na kwana uku don su koyi ladabi. Inagaki ya yi kwana ɗaya a filin fareti, biyu a ɗakin shan magani saboda bororon da takalmi ya yi masa. Daga waɗannan kwanaki uku ya haƙo hikimar da ya shekara arba'in yana rabawa kyauta, har yau ba ta ƙare ba.

A ɗakin ɗaukar murya da ke ƙarƙashin wani bene a Tokyo, makirfo huɗu ne, masu magana goma sha biyar. Kowa yakan matso ya faɗi nasa ya ja da baya ba tare da ko ƙarar numfashi ba. Don haka ne mutanen wannan sana'a suke sa tufafin auduga mai laushi da takalmin roba, har juya shafin takarda sai da suka koya. Shi kuwa Inagaki, Sarkin Yaƙin Ranar Lahadi, da lambobin girma bakwai yake zuwa a ƙirji, waɗanda ya samu bayan gumurzun ciniki a kasuwar tsofaffin kaya. Kowane mako sai mai ɗaukar sauti ya ji ƙararrawa a kunnensa, kowane mako sai darakta Mochizuki ta rusuna ta roƙe shi. Shi kuma sai ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a faranti, ya sara musu, mutum goma sha huɗu na tsaye suna jira.

Mutum ɗaya ce ba ta jira da ladabi. Kusunoki Tomie, 'yar shekara sittin da uku, ita ce muryar Kyaftin Ren, jarumin katun ɗin mai shekara goma. Ta riga Inagaki shiga sana'ar da shekara guda, kuma a wannan sana'a shekara guda ta isa ka kira mutum da sunan da uwarsa take kiransa har ya mutu.

"Ben-chan," takan ce, "za ka matsa min daga makirfon, ko sai na kawo takarda daga hedkwata?"

Kwamanda ba ya musayar yawu a gaban runduna. Yakan ajiye martaninsa sai lokacin abincin rana, sa'ad da aka jera akwatunan shinkafa a kan tebur, matasan 'yan wasa suka zauna a ƙasan ɗaki bisa tsarin wanda ya riga wani.

"Ku saurara, ku masu tasowa. Shugabanci ba sarauta ba ne, nauyi ne. Na tura dubban mayaƙa fagen fama, kuma babu daren da ban tuna fuskokinsu ba. Kwamanda na gaskiya ba ya kai loma baki sai sojansa na ƙarshe ya ƙoshi."

Yana wannan bayani hannunsa na buɗe akwatin da ke da gasasshen kifi, wanda kullum guda ɗaya ake kawowa. Kalmomin ma ba nasa ba ne. Wata marubuciya 'yar shekara ashirin da shida ce ta rubuta wa Janar su a kashi na casa'in, ga ta nan zaune a teburin ƙarshe tana cin taliya, ba ta ɗaga kai ba.

Wata ranar Talata a watan Yuli, Mochizuki ta gayyace shi ƙaramin ɗaki, ta zuba masa shayi da hannunta. Duk wanda darakta ta zuba wa shayi da hannunta ya san an gama da shi, amma Inagaki ya ɗauka girmamawar da ta daɗe da cancanta ce ta iso.

"Inagaki-san, abin da zan faɗa yana da nauyi a bakina. A kashi na ɗari uku, Janar zai kwanta dama."

"Zai yi kamar ya mutu, don ya yaudari abokan gaba."

"Zai mutu ne sosai. Kamfanin kayan wasan da ke ɗaukar nauyinmu ya ce 'yar tsanar Janar ba ta motsi a kantuna. Sun gwada ba da ita kyauta ga wanda ya sayi tankar yaƙi, iyaye suna barinta a wurin biyan kuɗi. Kuma bincikensu ya nuna minti ukun jawabin Janar shi ne lokacin da yara suke zuwa bayi."

"Wannan ai tarbiyya ce, Darakta. Sun san ba a barin fagen fama sai ragama tana hannun amintacce."

Ya faɗi haka da cikakkiyar murya, amma a ransa ya san lissafin. In Janar ya mutu, abin da zai rage a duniya shi ne wani dattijo ɗan shekara sittin da biyu, mai ɗaki ɗaya a bayan tashar jirgin ƙasa, wanda aikinsa na ƙarshe kafin wannan shi ne muryar tallar maganin basir. Ya roƙa ba tare da ya yi kama da mai roƙo ba, har Mochizuki ta sassauta. A watan Agusta za a yi wasan jarumai a rufin wani babban kanti, kuma Hirabayashi, wakilin kamfanin kayan wasan, zai halarta. In yara suka kira sunan Janar kamar yadda suke kiran na Kyaftin, za a ƙara masa shekara guda.

Kowa ya san yadda wasan rufin kanti yake. Mutane su shiga cikin sulken roba na jarumai, dodo ya fito, a gwabza, jarumi ya faɗi. Sai yarinyar da ke gabatarwa ta juyo ta ce wa yara su kira sunansa da iyakar ƙarfinsu, ihun ya shige shi, ya miƙe ya gama da dodo. Tun zamanin kakanni haka ake yi, kuma ba a taɓa jin jarumin da ya kwana a ƙasa ba. Yara ɗari uku da aka ba izinin ihu za su kira ko sunan tukunya ne. Abin da ake buƙata daga Inagaki kawai shi ne kada ya yi komai.

Ya ƙi a sa muryar da aka riga aka ɗauka. Ya ce kwamanda ba ya aika faifai zuwa fagen fama. Don haka aka kafa masa makirfo a bayan labule, aka tilasta wa Tomie ta zo ita ma, tana fifita da takardar wasan tana tsine wa rana.

Layi uku aka rubuta masa na buɗe taro. Amma da ya leƙa ta tsagar labule ya ga rundunarsa, ransa ya ɓaci. Wasu na shan ƙanƙara mai launi, wasu na ja wa juna hula, wani ya juya wa dandamali baya gaba ɗaya. A gaban Hirabayashi, wanda ke zaune a gefe da littafin rubutu a cinya. Inagaki ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ya yi minti goma sha ɗaya. Ya yi magana a kan biyayya, da sadaukarwa, da lalacewar zamani. Nukui, mutumin da ke cikin sulken Janar, wanda daga cikin kwalkwali ba ya jin komai sai gunji kamar ana niƙa a maƙwabta, ya nuna sama, ya dafe ƙirji, ya nuna gabas, dabarunsa suka ƙare ya sake daga farko. Daga nan Sarkin Yaƙin ya kai ƙololuwa.

"Sojojina, ga umarnina. Daga wannan daƙiƙa babu mai buɗe baki. Abokin gaba makiri ne. Zai iya aiko muku da mace mai murmushi ta ce ku yi ihu. Zai iya kwaikwayon muryata. Kada ku yarda da kowa, sai kun ga na ɗaga hannuna na dama da idonku."

Rufin kantin ya yi tsit. Iyaye mata, waɗanda tun da aka ba da hutun makaranta ba su ji irin wannan ni'ima ba, suka dubi juna da idanu masu ƙwalla, suka ɗaura ɗamarar kare ta. Inagaki ya juya ya dubi Tomie kamar wanda ya ci birni.

Dodon Ƙaguwa ya fito. Aka gwabza. Ya kai wa Janar mangari, Janar ya kife rub da ciki kamar yadda aka tsara. Yarinyar da ke gabatarwa ta ruga gaban dandamali da murmushinta na aiki.

"Yara, Janar ya faɗi. Mu haɗa baki mu kira shi. Ɗaya, biyu..."

Ana jin ƙarar jirgin ƙasa daga nesa. Yara ɗari uku suka zuba wa mace mai murmushi ido, irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka riga aka ba da kamanninsa. Wani ƙarami ya buɗe baki, yayarsa ta toshe shi da tafin hannu.

Ta sake ƙirgawa. Ta sake. Murmushin ya fara tsagewa ta gefe.

Shi kuwa Nukui ya shekara ashirin da biyu a wannan aiki, bai taɓa motsa ko yatsa ba kafin ihun yara ya iso shi. Wannan ne mutuncin sana'arsa. Ya kwanta a kan katakon da rana ta gasa, cikin roba mai nauyin buhun shinkafa, yana jiran ihu. Yara suna jiran hannu.

Inagaki ya matso makirfo. "Sojojina, ni ne Janar ɗinku. Na janye umarnin."

Yara suka dubi hannun dama. Yana shimfiɗe. Suka gyaɗa wa juna kai, don an gaya musu za a yi haka.

"Da gaske ni ne. Ku kira sunana. Ina... ina roƙonku."

Wannan ya ƙara tabbatar musu. Janar Ganzan bai taɓa roƙon kowa ba.

Ya toshe makirfon da hannu ya juya, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan lambobin girma. "Tomie-san, ki sa Kyaftin ya ce musu su yi ihu. Ke za su ji."

"Kyaftin ya karya umarnin Janar? A gaban runduna?" Ta ci gaba da fifita. "Haba Ben-chan. Shekara shida kana koya mana, ka ɗauka ba ma saurare?"

A dandamali Dodon Ƙaguwa ya yi rawar nasara. Ya sake yi. Ya yi ta uku a sanyaye. Mutumin da ke cikin kayan dodon da Nukui jirgi ɗaya suke shiga kowace safiya, kuma ya san abin da rabin sa'a a cikin wannan roba yake yi wa mai hawan jini. Ya tsaya ya dubi labule, babu mai ceto. Sai ya durƙusa, ya tallabi babban kwamandan Dakarun Tsibirin Tagulla a hankali, ya goya shi kamar jariri, ya rusuna wa jama'a, ya fice da shi.

Umarnin bai hana tafi ba. Yara ɗari uku suka tafa wa ƙaguwa har tafukansu suka yi ja. Hirabayashi ya rubuta layi ɗaya a littafinsa, ya karkato wajen Mochizuki ya tambaye ta ko dodon nan yana da suna, kuma ko za a iya fitar da 'yar tsanarsa kafin ƙarshen shekara.

An ɗauki kashi na ɗari uku a watan Oktoba. Inagaki ya zo da jawabin ban kwana mai shafi uku da ya rubuta da kansa, aka yi masa godiya, amma abin da aka sa a katun ɗin kawai shi ne tarin gyaran muryar da ya yi kafin ya fara. Aka miƙa masa furannin sallama kamar yadda aka saba, ya karɓa da hannu biyu, ya shaida wa kowa cewa wannan ja da baya ne na dabara. Ya ce ranar da aka nuna mutuwar Janar, wasiƙun ƙorafin yara za su toshe ƙofar kamfanin, kuma zai yafe wa duk wanda ya zo neman gafara. Da kansa ya kawo babban kwali daga shagon kayan miya, ya rubuta sunan Janar a jiki da manyan baƙaƙe, ya ajiye a bakin ofis. Kowace Litinin yakan biyo ya leƙa ciki.

Amma ya hori rundunarsa da kyau. Har yau ba wanda ya buɗe baki.