Wankin Da Na Yi A Garin Surukai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi wanki a ƙasar Faransa ba. Har yau in na tsaya gaban injin wanki a gidanmu na East Greensboro, a Amurka, ina jiran ya gama kukansa, sai abin ya faɗo mini, in ja mayafi in rufe fuska ni kaɗai.

Bari in fara da halina, don kada a ce na ɓoye. Ni ba a san ni da haɗiye magana ba. A Maradi aka haife ni, kuma ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ba sai da furfura ta fara leƙowa, nan Greensboro, ajin manya na yamma, in na tashi daga aikin kula da wata tsohuwa a Irving Park. Da Ingilishi na koyi karatu. Faransanci kuwa na kunne nake da shi, irin na kasuwa, wanda ya isa ciniki da faɗa. Rubutacce ban san shi ba (kuma da in faɗi haka a gaban mutane, gara in kwana da yunwa).

Ɗana Habibu ya tafi Faransa karatu, ya auri wata yarinya Selin. Ban je bikin ba. Waya ma in ya miƙa mata sai in ce layi ba kyau. Da ta haihu suka sa wa jaririyar sunan mahaifiyata, sai zuciyata ta fara narkewa kamar man shanu a rana. Na yanki tikiti.

A mota, daga filin jirgi, Habibu ya ce, "Inna, abu ɗaya nake roƙo. Mutanen nan sun san ba ki zo biki ba. Don Allah ki riƙe bakinki."

Na ce, "Mahaukaciya ka ɗauko?"

Ya ce, "A'a, Inna na ɗauko."

Na yi masa alkawari. Na san abin da ke gabana: in na ɓata wannan zuwan, jikata za ta girma ba ta san ni ba sai a hoto.

Ƙauyen su Selin ɗan mitsitsi ne, shanu sun fi mutane yawa, gidajen duk na dutse. Mahaifinta, Mushe Andire (mushe shi ne malam a bakinsu), tsohon malamin makaranta ne, shi ne kuma shugaban masu kula da kayan tarihin garin. Akwai mahaifiyarsa, Mami Odet, tsohuwa tukuf a keken guragu, idonta kamar na shaho.

Washegari Mushe Andire ya ce zai zagaya da ni in ga gari. Ya kai ni cocinsu mai ƙararrawa, wadda ya ce ta girmi kakannin kakanninsa. Ya nuna mini tanderun da dukan gari ke gasa burodi a da, da wata gada da mota ɗaya ma sai ta matse. A tsakiyar gari akwai dogon dutse da sunayen samarin da suka mutu a yaƙin duniya. Nan kam shirun da na yi na gaskiya ne, don a ƙasarmu ma an kwashi maza zuwa wannan yaƙin, wasu ba su dawo ba.

Sai muka hau tudu ya nuna mini wani katafaren kango, ba rufi, ba ƙofa, ciyawa ta fito a bango. Yana nunawa yana buɗe ƙirji. Maganar ta zo mini har maƙogwaro: a garinmu wanda ya bar gidan kakanninsa ya rushe, ba ya kai baƙi su gani. Habibu ya taka mini ƙafa. Na haɗiye, na ce, "Yana da kyau." Da na ji ba zan iya haɗiye ta gaba ba, sai na ce gwiwata ta motsa, su ƙarasa zagayen, ni na san hanyar gida.

A wannan komawar ni kaɗai na ga wurin. Can gangare, bayan coci, rumfa ce ta katako mai rufin jan tayil, a ƙarƙashinta kwarmin dutse cike da ruwa garau, yana shigowa ta nan yana fita ta can. Bakin kwarmin an yi shi a karkace, dutsen ya yi sulɓi, daidai inda mace za ta durƙusa ta cuɗa. A bango ga allo da rubutun Faransanci, da tsohon hoton mata a jere suna wanki. Rubutun ban iya ba, amma hoto ai ba ya buƙatar lakwal. Na ce a raina, ashe mutanen nan suna da hankali.

Ku fahimce ni. Tun da na zo Amurka ban yi wankin da ya kwanta mini a rai ba. Inji yana juya kaya ne kawai, ba ya sanin inda datti yake. Ranar da na ɗaura igiyar shanya a bayan ɗakina, manajan gidan ya zo ya ce ina ɓata wa unguwa kyau. Ga shi kuma tsakanina da Selin ba abin da ke wucewa sai gaisuwar bonjur. Tana ba ni girma, amma jaririyar tana ƙirjinta, in na matso sai ta gyara riƙo. Ban ga laifinta ba. Bakina bai iya ba da haƙuri ba, amma hannuna ya iya. A gida in mace ta haihu, tsohuwa ce ke karɓar wanki.

Da safe, suna can sama suna shiri, na ga kwandon kayan datti a bayan ƙofa. Na ɗora a kai, na ɗauki kwalin garin sabulu, na gangara.

Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na naɗe hannun riga, na zuba sabulu ba rowa, na cuɗa, na buga a dutse, ina 'yan waƙoƙin da muke yi a bakin rijiya. Kumfa ta tashi ta rufe ruwan kamar auduga. Na shanya kayan jaririya a kan shingen furanni, tawul a kan ƙarfen baranda. A ƙasan kwandon akwai wasu manyan gajerun wanduna na ciki, ɗaya ja ne da zanen agwagi. Na ce lallai aure ya karɓi Habibu, ya yi ƙiba. Na wanke su tas, na rataya jan a kan katakon da ke bakin rumfar, inda rana ta fi bugawa.

Ina cikin matse zanen gado na ji hayaniya. Ashe ranar ce garin ke buɗe wuraren tarihinsa ga baƙi, an zo da mota guda cike. Ga su nan suna gangarowa, Mushe Andire a gaba da hularsa, yana tafiya da baya yana yi musu bayani. A gefe Habibu na tura keken Mami Odet, Selin na riƙe da jaririya.

Baƙin suka fara tafi. Wayoyi suka tashi sama. Sun ɗauka shiri ne aka yi musu, a nuna yadda ake yi a da. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na ɗaga musu hannu.

Sai Mushe Andire ya juyo. Ya kalli kumfar, ya kalli furanninsa, ya kalli abin da ke lilo a saman kansa. Fuskarsa ta koma kalar wandon.

Habibu ya iso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ba a wanki a nan. Tun kafin a haife ni aka daina. Wurin tarihi ne."

"To hoton fa?"

"Hoton ma tarihi ne. Kuma akwai kifi a ciki."

Na duba. Ga jajayen kifaye sun taso ta cikin kumfa suna buɗe baki. Sai na ce, "Wandonka dai ya fita."

Ya rufe ido. "Ba nawa ba ne, Inna."

Jama'a, suruki. Mutumin da a garinmu ko ruwa ba zan sha a gabansa ba, ni ce na cuɗa masa wandon ciki, na kafa shi tuta a gaban baƙi. Na kalli ruwan nan na ce da ya fi haka zurfi da na shige. Na riƙe bakina kamar yadda na yi alkawari, sai hannu ya kai ni inda baki bai taɓa kai ni ba.

Ana cikin haka Mami Odet ta buga sandarta a ƙasa. Ta nuna ni ta fara faɗa, Habibu na juya mini, don Faransancinta ya fi ƙarfin nawa na kasuwa.

"Ta ce ba a nan ake sa sabulu ba. Nan sama ɗauraya ake yi, sabulu can ƙasa ne, kusa da mafitar ruwa. Ta ce da uwarta ta gan ki da ta ja miki kunne."

Ta ɗaga sandar ta taɓa wata mai kallabi a cikin hoton. Uwar tata ke nan. Sai muryarta ta sauka. Ta ce rabon da ta ji ƙamshin sabulu a wurin nan tun tana da haƙoranta. Ta ce a nan aka yi mata kamun miji, a nan mata ke jin wa ya mutu, wa ya haihu, yanzu ɗanta ya zuba kifi a wurin aikin mata yana kiransa tarihi. Ta juya kan Mushe Andire: "Me kake kallo? Kwashe kifinka."

Haka malamin nan ya durƙusa da bokiti, baƙi na taya shi da robobin ruwa. Tsohuwa ta sa aka sauko mata da jan wandon, ta ɗaga shi a rana ta juya. "Tun da na daina yi masa wanki bai fita haka ba."

Selin ce ta fara fashewa da dariya, har hawaye. Ta zo gabana, ta miƙo mini jaririyar da kanta, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Inna, riƙe ta. Ni in kwashe kaya." Ranar ta fara kirana Inna. Hannuna jiƙe, yana ƙamshin sabulu, na karɓi mai sunan uwata.

Kifi ɗaya ya mutu, Allah ya sani ban nufa ba. Sauran kwanakin kullum da hantsi ni ke tura keken Mami Odet zuwa rumfar, mu zauna, tana Faransancinta ina Hausata, ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba. Mushe Andire kuwa bai sake haɗa ido da ni ba har na taho. In na shigo falo sai ya fita ta ƙofar baya. Na ce alhamdu lillahi, a ƙarshe dai mun yi surukuta irin ta gida.

Yanzu duk Lahadi Selin ce ke kirana da kanta, ta sa yarinyar a gaban waya. Ina yi wa tsohuwar nan addu'ar alheri, don ita ta tsamo ni ranar, ba kifin kaɗai aka ceta ba. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Tambaya ba ta rage wa mace tsawo. Kuma in za ki taimaki surukai, ki zazzage kwandon tukuna, ki ga abin da ke ƙasa.