Wa Ya Koya Wa Luba Kananci?

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara da aka yi a firamaren ƙauyenmu ba, nan wajen Magarya ta ƙasar Wurno. Ranar na miƙe ne don in ceci harshen kakanni, da ƙyar na ceci kaina.

Ni manomin albasa ne. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma ba da daɗi muka rabu ba. Ɗiyata Luba nake sa ran ta wuce inda na tsaya. To wata rana na dawo daga fadama na ce ta kawo mini ruwa, sai na ji ta ce, "Me ka ce, Baba?"

Me! A gidana! Mu da muka gaji "mi" tun kaka da kakanni. Na ce ƙila tuntuɓen harshe ne. Kafin a jima "wannan" ya kori "wanga", "suka" ya kori "sunka". Har kakarta ta tambaye ni ko baƙuwa muka yi daga Kano. (Na san za ka ce ai ni ma da irin tasu nake wannan rubutu. Haka aka koya mana. Alƙalami daban, baki daban.)

Ban bincika ba na yanke hukunci. Akwai wata Malama Rahila, Kirista daga wajen Gombe, wadda sunanta ba ya fita daga bakin Luba. Ban taɓa magana da ita ba. Kai, rabona da makarantar ma tun ranar da na kai yarinyar aji ɗaya. Amma tunda baƙuwa ce, na ce ita ce. Na bi majalisu ina zuga mutane, har wasu suka yarda mu nemi a ɗauke ta a kawo mana ɗan gida.

Ranar taro aka jera bencuna a ƙarƙashin dogon yaro. Hedimasta ya yi ta kuka da rufin aji da ya yaye, da ƙarancin malamai, da yadda muke kwashe yara lokacin dashen albasa. Ko ɗaya bai shiga kunnena ba, jawabina nake bita. Ana ba da dama na miƙe, na gyara babbar riga.

"Ranka shi daɗe, duk wanga bayani mun jiya. Amma ni ɗiyata anka ɓata! Na kawo ta Basakkwata, an mai da ta Bakanuwa. Malamar nan mai koya musu Hausa, a mai da ta inda ta hito!"

Na jira tafi. Mutum biyu suka fara, suka ga su kaɗai ne, suka fasa.

Hedimasta ya ce, "Wace malamar Hausa? Mu rabonmu da malamin Hausa an daɗe. Malama Rahila lissahi ta ka koyarwa, kuma ita ɗai ta rage muna. In ta tahi, kai za ka kama allin?"

Kafin in haɗiye wannan, wata mata ta miƙe daga bencin malamai, idonta ya yi ja. "Baban Luba, mi niy yi maka? Ni da niz zo garinga tun Luba ba ta yi haƙora ba?"

Jama'a, ashe ita ce Malama Rahila, kuma Sakkwatancinta ya fi nawa kauri. Da zan rufe ido da na rantse gwaggona ce.

Da na san ciwon kaina da na zauna. A'a. Na ce to in ba ita ba, wa ya koya wa yarinyar? A kira ta! Ni da bakina na ce a kira ta. Aka fito da Luba daga cikin yaran da ke leƙe ta taga, hedimasta ya tambaye ta inda ta ji "me".

"A wayar Baba," in ji ta. "In na kawo masa aikin gida sai ya ce kansa na ciwo, ya kunna mini fim ɗin Kano."

Wani dattijo, Baba Sidi, ya nuna ni da sanda. "Ashe Bakanen cikin aljihunka shi ke, kai ko kana biɗar shi makaranta!"

Aka yi dariya har da masu hawaye. Malama Rahila kaɗai ba ta yi ba.

Gaskiyar ita ce kaina bai taɓa ciwo ba. Tsoron aikin nake. Da Luba ta buɗe littafi na hango lissafin rabawa, sai in nemi hanyar zillewa, don kunyar ce wa ɗiyata ban sani ba nake ji. Wayar ce mafakata.

Da yamma labari ya iso mini cewa Malama ta ce za ta nemi canjin wurin aiki, tunda ba a son ta. Na ga yaran ƙauye guda za su rasa lissafi saboda dogon bakina. Da safe na roƙi Baba Sidi ya raka ni, na ɗauki kwandon albasa, muka same ta a ƙofar aji. Na durƙusa, ni da furfurata, ɗalibai na kallo.

Ta dube ni, ta dubi kwandon. Sannan ta ce, "Tashi. Ban ce ka iya lissahi ba. Ka zamna kusa da ita in tana yi. In ta tambaye ka, ka ce ba ka sani ba, ta zo ta tambaye ni. In ka yi haka, ina nan."

Tana nan har yau. Ni kuwa kullum bayan la'asar ina kan tabarma kusa da Luba, waya a ɗaki, ina ta zuba "ban sani ba" kamar mai lazimi. Kuma na gano abu ɗaya: faɗin "ban sani ba" a gaban ɗiyarka ya fi arha a kan faɗin "ku yi mini gafara" a gaban gari.