Sha'aban da Man Suyar Ƙosai

"Ku rubuta ku ajiye, kafin damina ta faɗi babu mai ƙara sayen man gas a ƙasar Daura. Ni zan haƙo shi daga kaskon ƙosai."

Sha'aban ke nan a teburin mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kai da ba ka san shi ba sai ka ɗauka wani abin kirki ne. Mu da muka san shi, ko tocila ya gyara sai ta koma cin batir babu haske. Amma tunda ya kalli bidiyo a waya, inda wasu ke mayar da tsohon man suya ya zama na inji, ya raɗa wa kansa Injiniya, har tafiyarsa ta sauya.

Ya bi masu ƙosai da masu awara gida-gida yana kwashe baƙin man da suka gama da shi. Bidiyon ya ce a haɗa man da soda da wani sinadari wai shi metanol. Da ya tambaya aka ce masa ɗan'uwan giya ne, sai gogan naka ya ja da baya yana a'uziyya, wai shi jikan liman ne, ba za a ga wannan ƙazanta a gidansa ba. Ya cike gurbin da ruwan rijiya, ya ninka soda, ya yi ta juyawa da muciyar matarsa yana cewa nasa man na halal ne.

Ana haka matar tasa ta haihu a gidan iyayenta a Zango. Surukinsa Malam Nu'uman shi ne mai injin niƙa a unguwar, kuma ana gobe suna mata suka jere kwanukan dawa da wake na abincin taro. Na raka Sha'aban da jarkar man nasa a bayan babur. Ya durƙusa ya roƙi Baba ya bar shi ya ba da tasa gudummawar. Tsoho ya ji nauyin suruki, ya kasa cewa a'a.

Aka ɗura man, aka ja igiya. Inji ya tashi da ɗan ragowar gas ɗin da ke cikinsa, Sha'aban ya haye benci yana ɗaga wa mata hannu kamar ɗan takara. Can sai inji ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi tsit. Sarkin cika baki ya ce hutawa yake yi, bai saba da mai mai kyau ba. Ya dinga jan igiya har hularsa ta faɗa cikin kwanon wake.

Malam Nu'uman ya buɗe tanki, ya lakato da yatsa, ya ɗiga ruwa ya murza, sai ga kumfa. Sabulu ne, jama'a, mai ƙanshin ƙosai, har ya fara daskarewa a cikin tiyo. Wallahi na tausaya wa tsohon, dariya ce ta hana ni nunawa.

Ga baƙi na hanya, ga hatsi ko ƙwaya ba a niƙa ba. Iya Yelwa, surukarsa, wadda tun da aka yi auren nan, kunya ba ta barinta ta yi masa magana, ta shiga gida ta fito da taɓarya. Ta jingine ta a gabansa, ta kau da kai, ta ce da matan:

"Ku matso wa Injiniya da turmi. Wannan injin tuwo yake ci, kuma sai ya gama aiki za a zuba masa."