Injin da Na Goge wa Suna

Bayan sadakar arba'in ɗin Yaya, Allah Ya ji ƙansa, na buɗe rumfarsa ta Agege, inda yake sayar da tsofaffin injinan yanka itace. Na daɗe ina kallon yadda yake wanke su sama-sama, ya bar baƙin mai a jiki. A raina nakan ce son jiki ne.

Baba Lamidi mai katako, babban abokin cinikinsa, ya aiko cewa yana tafe. In ya saya, rumfa ta tsaya. In ya juya, sauran masu katako za su bi shi. Na ɗauko injin da ya fi lafiya, na wuni ina dirzarsa da kalanzir da soson ƙarfe, har ina hango fuskata a jikinsa ina yaba wa kaina.

Baba ya juya shi, ya sake juyawa.

"Malam ƙarami, ina sunan kamfanin?"

Na duba. Ashe na kankare shi tas.

"Tokunbo na gaske, wanda aka yi aiki da shi a ƙasar waje, da dauɗarsa ake gane shi," in ji Baba. "Wannan mai ƙyalli ɗan Chaina ne."

Na yi ta rantsuwa. Sai da ya tayar da injin, ya saurara, sannan ya ce, "Muryar dai ta kayan yayanka ce." Ya ɗauka yana dariya.

Har yau in na nufi teburin Sani mai shayi, Bagobiri, sai ya rufe kumatunsa da hannu biyu.

"Zauna can nesa, kada ka goge min tsaga a ce ni ɗan Chaina ne."