Dattijon Hawa Na Uku

"Ni Zailani, kewa ba ta san ƙofar ɗakina ba! Duk wanda ya ga hawayena a garin nan, ya zo da almakashi ya kwashe gashin bakin nan, na yafe."

Abokina, gyara zama. Ni da kake gani ban yi boko ba, amma in dai cika baki ne, a gabana aka haife shi.

Zailanin nan ɗan Wudil ne, kuku a gidan wani babban ma'aikacinmu a New York, zamanin da Hausawan garin kaf ba za su cika bas ɗaya ba. Yana da ɗan ɗaki a unguwar Mount Hope, hawa na huɗu. Wata shida da zuwa ya jefar da hula ya ɗora malafa, ya tara gashin baki kamar ƙahon bajimi. Ka ce masa "Ina kwana?" sai ya ɗaga yatsa biyu ya ce "Hai!" ya wuce. Aka sa masa suna Baturen Wudil.

Duk Lahadi 'yan gida kan taru a unguwar Soundview, ɗakin Shitu direba, a tuƙa tuwo a sha hira. Zailani ya ce, "Ku je ku yi ta 'ina gajiya, ina gajiya' kamar kwaɗi. Ni sanwici nake ci, a tsaye."

Shitu ya ce, "To Bature. Gashin bakin dai a riƙa shafa masa mai, ajiyata ce."

Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ya rufe ƙofa, Baturen Wudil har tukunya yake yi wa ina wuni. Matarsa Rabi'atu da 'yarsu suna can gida, wasiƙa kuwa sai ta ga dama.

Ran nan da safe yana saukowa zai tafi aiki, a hawa na uku, sai murya daga bayan wata ƙofa:

"Salamu alaikum."

Muryar dattijo, Hausar Kano tsantsa! Zailani bai san lokacin da gwiwarsa ta kai ƙasa ba, malafa a hannu.

"Amin, alaikumus salam, Baba!"

"Ina kwana?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"To madalla. Sai an jima."

Ya jira a ce masa shigo, shiru. Ɗan mutunci kuwa ba ya tura ƙofar da ba a ce masa bismilla ba. Ya ce a ransa, lalle babban malami ne ya shiga halwa, takun sawuna kawai ya ji ya gane ɗan gida. Washegari ƙarfe bakwai ya dawo, aka sake gaisawa tsaf kamar jiya. Bai yi mamaki ba, yo ai gaisuwa ba ta canja riga. Mako uku ana haka. Kullum sai ya ajiye goro ɗaya a bakin ƙofa, goron da da ƙyar ake samun mai kawo shi daga gida.

Da ya yi shiru da bakinsa, da asiri ya rufu. Ina! Ya buga wa Shitu waya.

"Akwai wani shehi a gidanmu, ba ya kula kowa sai ni. Kewa ce ta dame shi, bawan Allah, ni nake ɗebe masa."

Asabar da sassafe sai ga Shitu. Zailani ya tono babbar riga daga ƙasan akwati, suka durƙusa a hawa na uku. Sallama ta wuce, kwana ya wuce, gajiya ta wuce. Zailani ya dubi Shitu yana murza gashin baki. Sai dattijo ya kawo wata da bai taɓa kawowa ba:

"Ina iyali?"

"Suna lafiya, Baba."

"Ina iyali?"

"Lafiya ƙalau, wallahi."

"Ina iyali?"

Zailani ya waiwaya. Ya raɗa wa Shitu, "Mutumin nan har cikin ciki yake gani."

"Ina iyali?"

Nan fa madatsa ta ɓalle.

"Baba, ƙarya nake, ban sani ba! Wata uku ba wasiƙa! 'Yata na baro tana rarrafe, an ce yanzu gudu take, ko fuskata ba ta sani ba! Sanwicin nan ma kamar katifa yake a bakina, tuwo nake so!"

Hawaye shaɓe-shaɓe, har gashin baki ya kwanta kamar jiƙaƙƙiyar kaza.

Sai ƙofa ta buɗe. Wata siririyar Baturiya mai tabarau, littafi a hannu. Bayanta a kan tebur ga garmaho, faifai yana juyawa, allura ta maƙale: "Ina iyali? Ina iyali?" Ashe koyon Hausa take, za ta tafi koyarwa ƙasarmu. Shi dattijon tambaya yake yi, ya bar fili ɗaliba ta amsa. Ita kuwa, 'yar New York ba ta buɗe wa baƙo ƙofa, sai ta zauna da biro tana kwafe amsoshin Zailani kyauta. Goron ma ga shi can ta jera a taga, ta ɗauka kayan ado ne.

Zailani ya miƙe yana share ido. "Ai tun ranar farko na gane faifai ne! Hawayen nan kuma albasar jiya ce."

Shitu ya ce, "Albasa mai suna Rabi'atu." Ya juya wajen Baturiya. "Malama, akwai almakashi?"

Ta buɗe littafi, ta bi da yatsa, fuskarta ta washe. "Akwai!"

Ƙyas! Ƙyas! Ƙahon dama ya faɗi, na hagu ya bi shi.

Shitu ya ce, "Gobe Lahadi, tuwo ƙarfe biyu. Ka taho da leɓenka."

Baturiya ta ɗan bugi garmaho, allura ta tsallake, dattijo ya gyara murya ya ce:

"To madalla. Sai an jima."